Agile: Abin da ya sa manhajojin wayarka ba sa gama sabuntawa

Duk mai wayar Android ya san yadda manhajoji ke neman a sabunta su kusan kowane mako, har mutum ya fara jin zafin datar da ke tafiya. Wannan ɗabi'a tana da tushe a wani salon aiki da masu rubuta manhaja ke kira Agile.

A da, kamfani kan rubuta duk abin da manhaja za ta ƙunsa tun farko, sannan a tsara, a gina, a gwada, ba a shiga wani mataki sai an gama na baya. Akan yi shekara ɗaya ko biyu mai amfani bai ga komai ba. Kafin a kawo masa, buƙatarsa ta canza, kuɗi kuma sun tafi.

A watan Fabrairun 2001 masana manhaja 17 suka haɗu a Snowbird da ke jihar Utah a Amurka, suka fitar da gajeriyar sanarwa mai ginshiƙai 4, daga baya aka ƙara ƙa'idoji 12. Sun fifita manhajar da ke aiki a kan tulin takardu, sun kuma fifita karɓar canji a kan nacewa ga tsarin da aka riga aka rubuta.

Hanyar da ta fi shahara wajen aiwatar da wannan ita ce Scrum, wadda Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka tsara. Ana yanka aiki gunduwa-gunduwa, kowane zango bai wuce wata ɗaya ba, galibi mako biyu. Kullum ma'aikata kan yi taron minti 15 su ga inda aka kwana da abin da ya tsaya musu. A ƙarshen zango dole a nuna abin da za a iya taɓawa a gwada. Amfaninsa babba shi ne kuskure kan fito tun yana ƙarami, lokacin da gyaransa ke da araha. Da irin wannan tunani ne Google ta rage tazarar fitar da sabon Chrome daga mako 6 zuwa 4 a 2021.

Sai dai wasu kamfanoni na fakewa da Agile su saki manhaja ɗanya, su mai da masu amfani 'yan gwaji. Wannan ha'inci ne, domin ƙa'idojin sun nace a kan inganci.

In kana koyon rubuta manhaja, kada ka ɓoye aikinka wata shida kana jiran ya kammala. Gina abu ɗaya tak, misali shafin rubuta bashin kanti, ka ba mai shago ya yi mako biyu da shi, ka ji ƙorafinsa kafin ka ƙara na biyu.