Amsoshin Tambayoyinku: Gaisuwar Mutanen Aberdeen

Malam, ka tambaya ko baƙon da zai je Aberdeen yana buƙatar karin harshen Doric. Yana buƙata, ko da gaisuwa ce kawai. A arewa maso gabashin Sukotland "wh" yakan koma "f", shi ya sa direban tasi zai tare ka da "Fit like?", wato yaya dai, ka amsa "Nae bad", wato ba laifi. Dattijo a garin Peterhead kuwa lafiyar tantabarunka zai tambaya, "Foo's yer doos?", alhali kai yake gaisarwa. Za a ce ai kowa na jin Turanci. Haka ne, za su ji ka, amma kai fa? Wanda bai san cewa "quine" yarinya ce, "loon" kuma yaro ne ba, sai ya yi sororo ana hira a gabansa.