Yadda Ake Karanta Launukan Layin Fankishin a Takardun Rust

Mai koyon harshen Rust ba ya rabuwa da shafin doc.rust-lang.org/std. A can, kowane fankishin yana da layi guda da ke faɗar sunansa, abin da yake karɓa da abin da yake mayarwa. Manhajar rustdoc ce ke rina kalmomin wannan layi, kuma ba don ado ba. Kalma mai launi mahaɗi ce da za ka iya latsawa, launin kuma na gaya maka irin abin da za ka tarar.

Da farko buɗe shafin, ka tabbata kana kan farin fage, wato wanda suka kira `light`. Latsa harafin S don bincike, rubuta `Vec`, wato jerin abubuwa, ka shiga, sannan ka gangara zuwa wannan layi:

`pub fn pop(&mut self) -> Option<T>`

Na biyu, nemi kalma mai launin ruwan ƙasa. Ita ce `pop`, sunan fankishin. Daga nan sai ka tsallaka bayan kibiyar nan, `->`, domin abin da za a mayar maka yana can. Za ka ga `Option` da ruwan hoda mai duhu, launin nau'in bayanai. Kada ka wuce shi da sauri. Latsa shi, zai nuna maka `Some` da `None`, ka gane cewa idan jerin babu komai a ciki, `pop` zai ba ka `None`, kuma dole ka yi masa tanadi.

Na uku, dubi abin da aka bari baƙi. A ganina nan ne masu koyo suka fi sakaci, ido ya bi launi ya manta da saura. `&mut self` ba shi da launi, alhali shi ne ke sanar da kai cewa fankishin zai canza jerin naka. Shi kuwa `T` ba shi da shafin kansa: gurbi ne kawai na duk nau'in da ka zuba a jerin.

Na huɗu, a wannan shafin nemi:

`pub fn sort(&mut self) where T: Ord`

`Ord` zai fito da shunayya, launin `trait`. Sharaɗi ne: sai abin da ake iya jerawa daga ƙarami zuwa babba. Shi ya sa `sort` ke ƙin lambobin `f64`, don ba su cika shi ba.

A ƙarshe shiga saituna ka koma `dark` ko `ayu`. Launuka za su sauya, rabon aikinsu kuwa yana nan yadda yake. Saboda haka zaɓi fage ɗaya ka zauna a kansa har idonka ya saba, kuma duk kalma mai launi da ba ka sani ba, latsa ta kafin ka rubuta komai.