Darasi: Yadda Ake Gyara Matsalar Tiros Washa Lokacin Ɗaure Injin Mota

Darasin yau na matasa ne masu koyon kanikanci, da direbobin da ke jigila tsakanin Kankiya da Kusada ko a kan babbar hanyar Kano zuwa Katsina. Sau da yawa za a sauke inji, a sa sabon ringi da sabon metal, a kashe kuɗi masu yawa, amma kafin a je ko'ina injin ya sake bugawa. Ɗaya daga cikin dalilan hakan wani ɗan siririn ƙarfe ne da ake rainawa, wato tiros washa.

Mene ne aikinsa?

Kiranshaf juyawa yake yi a kan metal, amma juyawa ba ita kaɗai ba ce motsinsa. Duk lokacin da direba ya taka kuloci, a yawancin motoci ƙarfin yana tura kiranshaf ɗin gaba, wajen fuli. Tiros washa shi ke tare wannan turi. A wasu injuna guntaye ne masu siffar jinjirin wata, a wasu kuma an haɗa shi da metal ɗin, ya fito da kunnuwa gefe biyu. A injin Golf mai silinda huɗu, irin wanda ya cika tashoshinmu, yana zaune ne a metal na 3, wato na tsakiya.

Dole a bar wa kiranshaf ɗan wasa gaba da baya domin baƙin mai ya ratsa. A yawancin ƙananan motoci wasan yana tsakanin milimita 0.05 zuwa 0.30, kuma kowane inji da nasa adadin. Don ka gane ƙanƙantarsa, kaurin takardar rubutu guda kusan milimita 0.1 ne. Ido ba ya iya auna wannan, hannu ma haka.

Idan wasan ya yi kaɗan, mai ba zai shiga ba, washan ya yi zafi ya ƙone. Idan ya yi yawa, kiranshaf zai riƙa buga shi har ya cinye, wani lokaci ya faɗa cikin kwanon mai. Daga nan sai ƙarfe ya fara cin bulok, kuma wannan asara ce babba.

Wayarka ma kayan aiki ce

Kafin ka kwance komai, ɗauki hoton kowane marfin metal, da lambarsa da inda ya fuskanta. Nemo littafin gyaran injin a intanet da lambar da ke jikin bulok, ka duba adadin wasan da ƙarfin ɗaurin noti. Idan awon ya zo da inci, ka tuna inci 0.001 daidai yake da milimita 0.0254.

Matakan aiki

1. Wanke bulok da kiranshaf tas, ka rufe su da tsumma mai tsabta, musamman lokacin hunturu. Ƙwayar yashi guda a bayan washa ta isa ta ɓata awo.

2. Shafa yatsa a fuskar kiranshaf inda washa ke gogawa. Idan farcenka ya kama zane ko kaushi, sai an kai wa masu yanka sun gyara, in ba haka ba zai cinye sabon washan.

3. Sa washan yadda ɓangaren da ke da ramukan mai zai fuskanci kiranshaf, bayansa kuma ya kwanta a jikin bulok. Juya shi baibai kuskure ne da ke saurin kashe inji. Shafa masa baƙin mai.

4. Mayar da kowane marfi gurbinsa kamar yadda hotonka ya nuna. Marfin da ke da washa kada ka ɗaure shi tamau tukuna.

5. Da babban sukundireba ko gudumar roba, tura kiranshaf baya, sannan ka turo shi gaba. Riƙe shi a gaban, ka ɗaure notunan da sifana mai auna ƙarfi. Wannan ne ke daidaita rabin washa na sama da na ƙasa.

6. Auna. Idan akwai agogon awo, kafa shi a bakin kiranshaf, ka tura baya ka saita sifili, ka turo gaba ka karanta. Idan babu, zura fila geji tsakanin washa da fuskar kiranshaf.

Idan awon bai yi daidai ba

Idan ya matse, ko kiranshaf ya ƙi juyawa da hannu, kada ka tilasta shi, kuma kada ka sassauta noti don ya saki. Kwance ka duba datti, ko marfi ya sauya gurbi, ko an ba ka washa mai ƙarin kauri. Idan duk waɗannan lafiya lau ne kuma bambancin kaɗan ne, ana goga washan a hankali a kan lallausar sanfefa da aka shimfiɗa bisa gilashi, a ɓangaren da ba ya ɗaukar turin kuloci. A wanke, a sake aunawa.

Idan wasan ya yi yawa, a nemi washa mai ƙarin kauri. Ko a Katsina za ka saya ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, tafi da tsohon, da lambar inji da awon da ka samu. Kada a cusa gwangwani a bayansa. In fuskar kiranshaf ta cinye sosai, canza shi ya fi sauƙi a kan sake sauke inji.

Nasiha ga direba

Ɗora ƙafa a kan kuloci ana tafiya, ko riƙe shi a take yayin jiran fasinja, yana cin tiros washa. Sa giya a firi, ka ɗaga ƙafarka. Idan kuma ka lura fuli yana matsawa gaba duk sa'ad da aka taka kuloci, kai motar gareji da wuri.

Kafin a rufe injinka, tambayi bakanike: “Maigida, nawa wasan kiranshaf ya nuna?” Idan ya ba ka adadi, ka samu gwani. Mu haɗu a darasi na gaba.