Darasi: Duwatsu, Kwalekwale da Alƙalamin Waliyyi Yohanna Bulus na Biyu



Dattawa da yawa a cikinmu suna tunawa da watan Fabrairu na shekarar 1982, sa'ad da Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya zo Kaduna, ya miƙa hadayar Misa, ya kuma naɗa sababbin firistoci. Mun san shi makiyayi ne kuma mai wa'azi. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa marubucin waƙoƙi ne da wasannin kwaikwayo, kuma wasu daga cikin rubuce-rubucensa sun samo tushe ne daga tafiye-tafiyen da ya yi a ƙafa cikin duwatsu, da kwanakin da ya yi a tanti a bakin rafi. Darasinmu na wannan wata zai duba yadda wannan ya faru, domin amfanin mawaƙanmu, da masu shirya mana wasan kwaikwayo, da katikis, da iyayen da ke renon matasa.

1. Yaron da ya tashi a gindin duwatsu

An haifi Karol Wojtyla ranar 18 ga Mayu, 1920, a garin Wadowice da ke kudancin ƙasar Poland, a gindin duwatsun da ake kira Beskid. Tun yana ɗan makaranta yake son hawan dutse da wasan kwaikwayo. A shekarar 1938 ya shiga jami'a a birnin Krakow domin karatun harshe da adabin ƙasarsa, amma a 1939 sojojin Jamus suka mamaye Poland, aka rufe jami'ar. Sai ya zama lebura a wurin fasa duwatsu, yana kuma yin wasan kwaikwayo a ɓoye tare da abokansa. Daga baya ya yi karatun firist a ɓoye, aka naɗa shi ranar 1 ga Nuwamba, 1946.

2. "Kawu" da abokan tafiyarsa

Bayan yaƙin, Poland ta faɗa hannun gwamnatin kwaminis, wadda ba ta yarda firistoci su tara matasa a wajen majami'a ba. A shekarar 1949 aka tura Fada Karol majami'ar Waliyyi Florian a Krakow, inda ya riƙa kula da ɗaliban jami'a. Tare da su ya fara fita bayan gari. Suna shiga jirgin ƙasa har inda ya tsaya, su goya kayansu, su kama hanyar duwatsun Tatra ko na Bieszczady a ƙafa. Daga shekarar 1953 kuma suka ƙara da tafiyar ruwa, cikin ƙananan kwalekwale masu ɗaukar mutum biyu, suna bin rafuka da tafkuna kwana da kwanaki, suna kafa tanti duk inda dare ya riske su.

A irin wannan tafiya Fada Karol ba ya sa rigar firist, kuma domin kada 'yan leƙen asiri su gane shi, matasan ba sa kiransa Fada a gaban baƙi. Suna ce masa Wujek, wato Kawu a harshensu, sunan da ya bi shi a bakinsu har bayan ya zama Paparoma. Da safe sukan kifar da kwalekwale ya zama bagade, su ɗaure filafili biyu su zama gicciye, ya yi musu Misa. In an kama hanya, yakan ɗauki mutum ɗaya a kwalekwalensa, su yini suna magana a kan karatu, ko aiki, ko neman aure, washegari ya ɗauki wani. Wani lokaci kuma yakan ja baya shi kaɗai, ya yi shiru, yana addu'a.

Yana cikin irin wannan tafiya ne a rafin Lyna, a watan Yuli na 1958, aka kira shi zuwa birnin Warsaw, aka shaida masa cewa an zaɓe shi mataimakin Bishop na Krakow. Shekarunsa 38 a lokacin. Ya amsa kiran, sa'an nan ya koma wurin matasansa suka ƙarasa tafiyar.

3. Abin da tafiya ta zuba a alƙalaminsa

A shekarar 1960 ya fitar da ayyuka biyu. Na farko littafi ne a kan ƙauna da ɗaukar nauyi tsakanin namiji da mace, wanda ya riga ya ba abokan tafiyarsa suka karanta sassansa, suka tattauna a bakin ruwa kafin a buga. Na biyu wasan kwaikwayo ne mai suna Shagon Maƙerin Zinariya, wanda ya fito da sunan aro, Andrzej Jawien. Wasan yana ba da labarin aure uku: ɗaya wanda yaƙi ya katse da mutuwar miji, ɗaya wanda ƙauna ta yi sanyi a cikinsa, da na 'ya'yansu waɗanda suke shiga aure da raunukan da suka gada. A kashi na farko, budurwar tana tunawa da wani dare a cikin duwatsu, sa'ad da ayarinsu ya ji wani kira daga cikin duhu, ba su san daga ina ya fito ba. Firist marar aure ya iya rubuta zuciyar ma'aurata haka domin ya yi shekaru yana sauraronsu a kan hanya.

Da ya zama Paparoma a 1978 bai rabu da duwatsu ba. Ya riƙa yin hutunsa a duwatsun arewacin Italiya, yana tafiya da sanda a hannu. A shekarar 2003, yana da shekaru sama da tamanin, jiki ya raunana, ya fitar da waƙarsa ta ƙarshe mai kashi uku. Kashi na biyu yana kan zanen Michelangelo da ke ɗakin sujada na Sistina a Roma, na uku kuma kan Ibrahim da Ishaku a ƙasar Moriya. Amma kashi na farko yana kan ƙoramar da ke gangarowa daga dutse cikin kurmi, da mamakin da ke kama ɗan Adam a gabanta. Ƙafafunsa sun daina hawa, amma abin da idonsa ya gani tun yana saurayi yana nan a ajiye.

4. Darussa uku gare mu

Na ɗaya, mai fasaha yana fara aikinsa ne da kallo. A wasiƙar da ya rubuta wa masu fasaha a shekarar 1999, Paparoman ya bayyana cewa Allah ne kaɗai ke halitta daga babu, ɗan Adam kuwa yana sarrafa abin da aka riga aka ba shi. Saboda haka wanda bai taɓa tsayawa ya dubi aikin Allah ba, zai riƙa maimaita aikin mutane ne kawai. Mu tambayi kanmu gaskiya: waƙoƙi nawa ne muke rerawa ranar Lahadi waɗanda aka ɗinka da kalmomin aro, babu ruwan farko na damina a ciki, babu hunturu, babu ƙanshin sabuwar dawa? Gani ya kori ji.

Na biyu, shiru abinci ne ga mai tunani. Annabi Iliya ya yi tafiyar kwana arba'in zuwa Dutsen Horeb kafin ya ji muryar Ubangiji, kuma Linjila ta nuna mana Yesu yana hawa dutse shi kaɗai domin addu'a. Yau waya tana hannun kowane yaro tun daga asuba har tsakar dare. Zuciyar da ba ta samun shiru ba ta haifar da sabuwar waƙa.

Na uku, tafiya tare tana buɗe baki. Abin da saurayi ba zai faɗa a ofishin Fada ba, yakan faɗe shi bayan an sha rana tare, an ci daga tukunya ɗaya. Matasanmu da yawa suna barin Ikklisiya domin ba wanda ya zauna ya saurare su.

5. Yadda za mu fara

Ba sai mun je Turai ba. Allah ya ba mu duwatsun Kagoro, da na Shere kusa da Jos, da Kufena a Zariya, kuma kusan kowane ƙauye yana da tudu ko rafi a kusa. Amma mun san halin rashin tsaro da wasu yankunanmu suke ciki, kuma kasada da ran yara ba ibada ba ce. Kada wata ƙungiya ta fita sai da sanin Fada da iyaye da mai unguwar wurin, da ja-gora ɗan gari, a tafi da safe a dawo kafin magariba. Inda hanya ba ta da lafiya, gonar da ke bayan majami'a ta isa. A tafi da ruwan sha da littafin rubutu, a keɓe sa'a ɗaya ta shiru, kada a bar shara, kada a sa wa daji wuta.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Yaushe ne rabonmu da yin sa'a ɗaya a waje ba tare da waya ko rediyo ba?
2. Wane abu ne a ƙasarmu ya cancanci shiga waƙar yabo, amma har yanzu ba mu sa shi ba?
3. Wane ne a Ikklisiyarmu matasa za su iya kira Kawu, su faɗa masa damuwarsu?

Yohanna Bulus na Biyu ya rasu ranar 2 ga Afrilu, 2005, aka ayyana shi Waliyyi ranar 27 ga Afrilu, 2014, kuma muna bikin tunawa da shi kowace ranar 22 ga Oktoba. Bari ƙungiyoyin mawaƙa da na matasa su shirya fita ɗaya kafin wannan rana, su kawo mana abin da suka rubuta.

Mu yi addu'a: Ya Allah Mahaliccin sama da ƙasa, ka buɗe idanunmu mu ga aikin hannuwanka, ka tsare hanyoyinmu, ka ba mu kunnen sauraron 'ya'yanmu, ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.