Yadda ake fita yawon Asabar daga Kano zuwa garuruwan kusa

Idan ka tashi ranar Asabar ka ji birni ya ishe ka, ba sai ka yi dogon tsari ba. Mota kawai za ka shirya. Ka duba baƙin mai da ruwan lagireto, ka tsaya wajen mai faci ya gwada iskar tayoyi har da safaya, don ita ce aka fi mantawa da ita sai ranar da aka neme ta a tarar ta sace. Ka sha mai tun a cikin gari, ka saka takardun mota a aljihun gaba. Ka riƙe tsabar kuɗi, musamman canji, domin mai masara a bakin titi ba ta da lokacin jiran alat. Sannan ka tuna ko Asabar ɗin ƙarshen wata ce, ranar tsaftar muhalli, wadda ba a zirga-zirga sai ƙarfe 10 na safe.

Daga nan sai zaɓen titi. Ranar kasuwa ce ke raya ƙaramin gari: Wudil tana ci ranar Juma'a, Dambatta ranar Lahadi. Amma ga mai fita ran Asabar, ni titin Zariya nake ba shi shawara, saboda ko ba kasuwa akwai abin gani kusan kowane zango.

Ka wuce Na'ibawa da Kwanar Dawaki, ka haye gadar Tamburawa, sai ka fara sassauta gudu. Tsayawar farko Karfi ce, garin masu masara. Kafin ka gama faka mota an kewaye ka, kowa na miƙo tasa ta taga. Kada ka saya daga cikin mota. Ka fito, ka gaisa, ka zaɓi wadda aka sauke daga wuta yanzu, mai ɗan ƙuna a gefe, wadda sai kana juya ta daga hannu zuwa hannu saboda zafi.

Kura ce wurin daɗewa. Yawancin matafiya gefen titi kawai suka sani, alhali garin yana ciki. Ka ajiye mota inda ba za ta tare hanya ba, ka nemi dattawan da ke zaune a inuwa, ka yi sallama: "Sannunku da hutawa, Baba. Baƙo ne daga birni, ina son a nuna mini wajen masu rini da bugu." Da wuya a rasa yaron da za a haɗa ka da shi. A nan ake yin baƙin yadin nan mai ƙyalli da ake kira ɗan Kura, wanda Buzaye ke naɗa rawani da shi. Bayan an tsamo shi daga baba ya bushe, sai a ɗora shi a kan gungumen itace, mabuga su yi ta dukansa da tabarya mai nauyi, suna ƙara masa garin shuni, har ya ɗauki sheƙi. Idan ka taɓa, launin zai bi yatsunka, kuma masu sayensa haka suke so. Kafin ka ɗaga waya ka nemi izini, kada ka leƙa gidan da ba a ce ka shiga ba, yaron da ya raka ka kuma ka sallame shi da ɗan wani abu.

Gaba da Kura gonaki ne hagu da dama, shinkafa da tumatir da albasa, da rani ma kore shar. Idan lokacin tumatir ne, a Kwanar Gafan za ka ga kwanduna jere ana loda wa manyan motocin da za su yi Kudu. Ruwan da ke shayar da duk wannan daga madatsar Tiga yake zuwa ta magudanai, madatsar da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ka yi Azahar a duk masallacin da ta riske ka, sannan ka tambayi kwanar Tiga. Tambayar ɗan acaɓa ko direban tasha ta fi taswirar waya amfani, don shi ya san inda hanya ta lalace da inda ba a bi yanzu. A bakin ruwa ka nemi soyayyen kifi, amma ka hana yara shiga wanka ko da sun ga 'yan gari na yi.

Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, da duwatsunta, ka bar ta sai wata Asabar. Cusa gari biyar a wuni ɗaya wahalar tuƙi ce kawai.

Da an yi La'asar ka juyo. Titin Zariya bayan Magariba na tireloli ne da babura marasa fitila, ga shanu na tsallakawa. Ka lissafa tafiyarka yadda kiran sallar Magariba zai same ka ka riga ka wuce Tamburawa.