Amsoshin Wasiƙunku: Me Ya Sa Kullum Sai Wani Ya Mutu a Ƙarshen Wasan?

Wannan filin amsa tambayoyinku ne kan wasannin gem. Saƙonnin wannan makon kamar an haɗa baki aka turo su. Mutum ya shafe makonni yana buga wasa mai dogon labari, irin waɗanda kamfanonin Turai da Arewacin Amurka ke yi, wanda kai ne ke zaɓar abin da jarumin zai faɗa da abin da zai aikata, ya kai ƙarshe, sai labarin ya ƙare masa da baƙin ciki, lambar yabon da yake hari kuma ta ƙi fitowa. Gargaɗi tun da wuri: yau zan tona asirin ƙarshen Mass Effect 2 da na 3 da kuma The Witcher 3. Wanda bai gama su ba ya rage muryar rediyonsa.

Wasiƙar farko daga wani ɗalibi ce a Zariya. Ya ce ya gama Mass Effect 2, ya sake shi daga farko, amma duk lokacin da ya shiga yaƙin ƙarshe sai ya rasa wani cikin mutanensa. Na baya-bayan nan Mordin ne, likitan nan mai surutu, alhali bai ga wanda ya harbe shi ba, gawarsa kawai aka nuna masa. Yana neman lambar da ake kira No One Left Behind, wadda ake ba wanda ya fito da dakarunsa duka da rai.

To ɗan'uwa, ba kai kaɗai ba ne. Kamfanin BioWare na birnin Edmonton a Kanada ya fitar da wannan wasa a 2010, kuma har yau ana kuka da wannan yaƙi. Abin da ke ruɗar mutane shi ne suna zaton iya harbi ne zai cece su. Hannunka ko ya kai na wa a iya riƙe bindiga, wasan lissafi yake yi a ɓoye, kuma rabin lissafin an gama shi tun kafin jirginka Normandy ya tsallaka mashigar Omega 4. Tun ran gini, tun ran zane.

Fara da jirgin kansa. Akwai gyare-gyare uku da ba makawa: sulken jirgi, wanda ake samu ta yin hira da Jacob, garkuwar jirgi, daga wajen Tali, da babbar bindigar Thanix, daga wajen Garrus. Duk wanda ka bari cikin ukun nan, ran mutum ɗaya ne ka bayar tun ba ku sauka ba. In babu sulke, Jack ce ke tafiya. Kuɗin gyaran kuwa ma'adinai ne, waɗanda sai ka zauna kana lalube a jikin duniyoyi kana harba na'urar haƙo su. Na san aikin na da gundura, ni ma ba na sonsa, amma shi ne farashin.

Na biyu, amana. Kowane ɗaya daga mutanenka yana da wata damuwa ta kansa da zai roƙe ka ka taya shi warwarewa: Miranda da ƙanwarta, Thane da ɗansa, Tali da shari'ar da mutanenta suka gurfanar da ita. Wanda ka biya wa buƙata ya zama naka, wanda ka share kuwa zai shiga yaƙin da raunin zuciya, kuma wasan na ƙirga wannan. A nan akwai tarko biyu. Da ka gama wa Miranda da Jack nasu, rigima za ta kaure tsakaninsu, haka ma Tali da Legion. In ka goyi bayan ɗaya, ka rasa amanar ɗayan. Mafita ita ce ka raba faɗan da zaɓin nan mai launin shuɗi ko mai launin ja, su kuma ba sa buɗewa sai in ka daɗe kana bin hali guda, ko na sassauci ko na zafin kai. Mai yi nan ya yi can yakan tarar da su a rufe.

Sai rabon aiki a cikin sansanin maƙiya, inda akasarin mutane ke faɗuwa. Za a ce ka zaɓi wanda zai bi ta cikin bututu ya buɗe ƙofa. Jacob zai yi farat ya ce shi zai je. Kada ka biye masa, sojan kirki ne amma ba aikinsa ba ne, kuma ba zai dawo ba. Tura Tali ko Legion ko Kasumi. Jagoran runduna ta biyu kuwa, Garrus ko Miranda ko Jacob. Da an zo wurin da ake buƙatar wanda zai riƙe kumfar kariya daga ƙwarin nan masu yawo, Miranda za ta nuna kusan duk mai irin wannan baiwa zai iya. Ba haka ba ne. Samara ko Jack, su ne za su kai ku gaci. Darasin da masu wasan suka dasa a nan ya burge ni: mai ɗaga hannu da wuri ba lallai shi ne ya cancanta ba, kuma shugaba ne ya kamata ya san kowa da gwanintarsa.

Yanzu ga abin da ya kashe maka Mordin. Kafin karon ƙarshe za ka ɗauki mutum biyu ka tafi da su, sauran su tsaya su tare ƙofa. Kowa yakan ɗauki ƙarfafa, Grunt da Garrus, don su taya shi. Nan ne kuskuren. Wasan yana auna ƙarfin waɗanda aka bari a bakin ƙofa, in ma'aunin ya gaza sai ya fara zare masu rauni, Mordin kuma yana sahun gaba. Don haka ka bar Grunt da Garrus da Zaeed a can. Mordin ka ba shi aikin raka ma'aikatan jirgin da kuka ceto su koma, ya fita daga haɗarin ke nan. Kai kuma ka tafi da biyu daga marasa ƙarfin tsaro, kamar Tali da Jack, muddin ka riga ka sami amanarsu. In ka bi wannan, insha Allahu lambar za ta fito.

Ga wani gajeren saƙo daga Damagaram da ya dace da nan. Mai shi ya ce da ya isa sansanin, ya tarar an riga an narkar da ma'aikatan jirginsa, Dakta Chakwas kaɗai ta rage. Yana tambaya ko wannan ya hana shi lambar. Malam, bai hana ba, lambar dakarunka masu fita yaƙi take dubawa. Amma ka san dalilin abin da ya faru: daga lokacin da aka sace ma'aikatan, agogo ya fara bugawa ba tare da an nuna maka ba. In ka bi sawunsu nan take, kowa zai tsira. In ka tsaya ayyuka ɗaya zuwa uku, rabi za su mutu, har da Kelly Chambers. In ka wuce haka, abin da ka gani ke nan. Dabarar ita ce ka kammala duk hidimominka kafin ka je ɗauko na'urar da ake kira Reaper IFF, domin ita ce ke tayar da wannan ƙura. Bayan ita, aikin Legion kaɗai za ka tsaya yi.

Wasiƙa ta gaba daga wata baiwar Allah ce a Kaduna, kuma ta fi kowacce taɓa ni. The Witcher 3 ta buga, na kamfanin CD Projekt Red da ke Warsaw a ƙasar Poland, wanda ya fito a 2015, aka gina shi kan littattafan Andrzej Sapkowski. Ta ce ita dai ta san duk zaɓin da ta yi wa Geralt na uba nagari ne. Ta lallashi Ciri, 'yar riƙonsa, ta raka ta inda take jin tsoro, ta hana ta ɓarna. Amma a ƙarshe yarinyar ba ta dawo ba, aka bar ta da Geralt zaune cikin bukka a fadamar Velen, riƙe da sarƙar marigayi Vesemir, dodanni na kewaye shi. Ta ce ta kashe na'urar ta yi kwana biyu ba ta kunna ba.

Ƙanwata, sannu. Ba ki yi wauta ba, masu wasan ne suka ɗana tarkon daidai inda mai tausayi zai taka. Makomar Ciri tana rataye ne kan wasu 'yan lokuta da ba su yi kama da manyan shawarwari ba, duk bayan yaƙin Kaer Morhen. Sa'ad da ta karaya ta ce ta kasa, in kin ce mata ta kwantar da hankali kuka zauna shan giya, kin yi asara. In kin ja ta waje kuka yi jifa da dunƙulen ƙanƙara har ta yi dariya, kin ci. In kin kai ta wurin mahaifinta, Sarki Emhyr na Nilfgaard, ya miƙo kuɗin lada, karɓa na nufin kin sayar da ita a gaban idonta. Da matsafan nan mata, su Philippa, suka kira ta ganawa, rakiyar da kika yi mata ita ce ta nuna mata ba ki yarda za ta iya tsayawa da ƙafarta ba. A ɗakin binciken Avallac'h, da ranta ya ɓaci ta so ta farfasa kaya, kamata ya yi ki bar ta, har ki taya ta. Sai kuma kabarin Skjall, saurayin da ya taimake ta aka wulaƙanta shi: in ta ce a je, a je, ko da ana cikin sauri. In masu kyau suka rinjayi marasa kyau, za ta dawo.

Duba ki ga abin da ya haɗa su. Wasan tambaya ɗaya yake yi a ɓoye: wannan yarinya ta fita daga hannunki tana jin an amince da ita, ko tana jin har yanzu ana riƙe mata hannu? Kamar mai koya wa yaro keke ne, in bai saki sirdin ba, yaron ba zai taɓa sanin ya iya ba. Ni a ganina wannan ya fi tsarin Mass Effect zurfi, ko da yake ina da ƙorafi a kansa. Zancen giyar nan da jifan ƙanƙara, rubutun da ke kan allo bai nuna wa mai wasa inda kowanne zai kai shi ba, kuma hukunta mutum kan abin da ba a fayyace masa ba akwai rashin adalci a ciki.

Kin kuma tambaya wane kofi ake samu in an yi kyakkyawan ƙarshe. A babban labarin babu kofi na musamman don wannan. Kofunan kammalawa suna bin matakin wahalar da kika zaɓa ne, ko Ciri ta rayu ko ba ta rayu ba.

Wani daga Maraɗi yana so in raba gardama tsakaninsa da abokinsa: Ciri ta zama mafarauciyar dodanni kamar Geralt, ko ta hau gadon sarautar Nilfgaard, wanne ne ƙarshe mai kyau? Don ta yi sarauta sai ka kai ta wurin Emhyr, sannan Nilfgaard ta ci yaƙi, wato a kawar da Sarki Radovid kuma ka tsaya wa su Roche a kan Dijkstra. In ba ka kai ta ba, kuma ta rayu, takobin azurfa Geralt zai miƙa mata a masaukin White Orchard. Tun da ka ce in faɗi ra'ayina, na fi son na takobin, don shi ne abin da ita kanta ta nuna tana so. Amma abokinka na da hujja: mai mulki mai adalci za ta amfani mutanen da mai yawo da takobi ba zai taɓa kaiwa gare su ba. Ku ci gaba da gardamarku, masu wasan ma ba su yanke ba.

Akwai mai tambaya daga Kumasi kan Mass Effect 3, ko gaskiya ne Shepard, jarumin wasan, na iya rayuwa. Gaskiya ne, amma da sharaɗi biyu: ka zaɓi hallaka Reapers, kuma ƙarfin rundunar da ka tara ya kai matuƙa. Da wasan ya fito a 2012 mutane sun yi ca a kan ƙarshensa, har BioWare ta fitar da ƙarin bayani kyauta mai suna Extended Cut a watan Yunin shekarar, ta sauko da makin da ake buƙata zuwa 3,100. A sabon bugun Legendary Edition na 2021 an sake lissafin, don haka kada ka dogara da wancan adadi, ka dai yi duk aikin gefe da ka samu tun daga wasa na farko. Sakamakon duk wannan wahala daƙiƙu kaɗan ne, ƙirji cikin ɓaraguzai yana jan numfashi. Kuma ka sani wannan zaɓi yana tafiya da EDI, kwamfutar jirginka mai magana, da dukkan geth, wato dangin Legion, har waɗanda ka sha wuya ka sasanta su da mutanen Tali.

Saƙo na ƙarshe da lokaci zai bari daga Gusau ne. Ya ce shi a gidan gem yake bugawa, kuma ko an ɗauke wuta ko wani ya hau ya danne masa ajiyarsa. Yana tambaya ko dole sai ya koma farko duk lokacin da ya yi kuskure. Ba dole ba ne, ɗan'uwa, in ka daina dogara da ajiyar da wasan ke yi da kansa, domin ita tana goge ta baya ne. Ka riƙa yin taka da hannu, a gurabe daban-daban. A Mass Effect 2 ka ajiye ɗaya kafin ka ɗauko Reaper IFF, wata kafin ka tsallaka Omega 4. A The Witcher 3 ka ajiye kafin yaƙin Kaer Morhen, tun da duk shawarwarin Ciri bayansa suke zuwa. Ka roƙi mai gidan ya buɗe maka asusunka na kanka a kan na'urar, sannan ka sayi ƙaramin filashi ka riƙa kwafe ajiyar a kai duk ranar da ka tashi, PlayStation 4 tana ba da damar yin haka.