Shaidar Masana'anta a Jikin Tsohuwar Mota

Duk wanda ya saba bin hanyar Sakkwato zuwa Jega ta Boɗinga da Shagari ya san Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, sannan masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda ta soma aiki a 1975, ta daɗe tana harhaɗa ta. Yanzu ta yi ƙaranci. Mai son maido da ita yadda ta fito daga masana'anta sai ya fara da karanta jikinta.

Dubi noti-notin da ke ƙarƙashin irin wannan mota. Akan tarar da ɗigon fenti a kan wasunsu. Ma'aikaci ne ya ɗiga shi don shaida cewa an ɗaure notin, an kuma duba. Akwai ɗan faifan ƙarfe mai ɗauke da lambar mota, wani lokaci har da lambar launinta. Waɗannan alamomi tamkar zanen gado ne a fuska: suna faɗin asali. Ranar da mai fenti ya kankare su da samfefa, shi ke nan, sun tafi.

Me ke cinye fenti? Hasken rana na ɗauke da wani sashe da ido ba ya gani, wato ultrabayolet, mai tsinka sinadaran fenti har launi ya koɗe. Ƙurar hunturu kuma tana goge shi. Da zarar ƙarfe ya bayyana, sai ruwa da iskar oksijin su haɗu da shi, tsatsa ta kama. Saboda haka launin asali yakan saura ne inda rana ba ta kai, kamar ƙarƙashin robar ƙofa.

A fannin nazarin halittu, ba mu yanka ganye sai mun zana shi, mun auna, mun rubuta. Haka ya kamata a yi wa mota. A wanke a hankali, a ɗauki hoton kowace alama da ma'auni a gefenta, a rubuta wurinta da launinta. Bayan an yi sabon fenti, sai a mayar da kowane ɗigo mazauninsa. Lambar mota kuwa ba a taɓa ta, domin sauya ta laifi ne.

Aiki ga ɗalibai: ku nemi izinin wani makaniki a garinku, ku kwatanta launin rufin tsohuwar mota da na ƙarƙashin robar ƙofarta. Ku kawo wa malaminku bayanin bambancin.